Tsiro na gaske ko na roba, wanne zan saka a akwatin kifina?

Sabon_shiga:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Wata biyu ke nan da na haɗa akwatin kifi na gilashi mai cin lita 60, tsakuwa a ƙasa, da ƙaramar filta mai tace ruwa da fitila, kifayen kuma gufi ne guda shida sai beta namiji ɗaya mai doguwar jela. Na sa furannin roba uku da wani ɗan kogo na ado, da farko gwanin sha'awa, amma yanzu gansakuka duk ta lulluɓe su, in na wanke kwana huɗu ta dawo, kuma shekaranjiya na ga jelar betan ta tsattsage kamar an ja ta cikin ƙaya, abin ya tsaya min a rai wallahi. Wani ya ce in cire robar in shuka na gaske, wani kuma ya ce wahala ce kawai, zai ruɓe ya kashe min kifi. To wanne zan ɗauka?

Tsohon_hannu:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fara da jelar nan tukuna. Ɗauko safa siririya irin ta mata ka goga a jikin furannin robar da bakin kogon, in ta maƙale ko ta yage, to haka yake yi wa jelar kifin, cire shi yau. In kuma ka ga bakin jelar yana yin baƙi ko fari-fari yana cinyewa, wannan ruɓewa ce daga dattin ruwa, ba laifin roba ba. Ka kuma zauna ka sa ido ko gufin ne ke tsakurarsa.

Ni dai tsiro na gaske nake goyon baya, kuma ba don kyau kaɗai ba. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce, ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune cikin soson filta su mayar da ita nitrait, sannan nitret, shi kuma nitret taruwa yake ta yi sai an canza ruwa. Tsiro mai rai yana shan amoniyar da nitret ɗin a matsayin taki, wato abincin da gansakuka ke samu a ɓagas yanzu zai samu mai raba shi da ita. Roba ba ta shan komai, zama kawai take.

Wanda ya ce maka ruɓewa yake, ina kyautata zaton binne saiwar ya yi. Tsirran ruwa irin su anubiyas da Java fan suna da wani kauri a kwance wanda ganye da jijiyoyi ke fitowa daga jikinsa, in ka tura shi cikin tsakuwa ruɓewa zai yi, ɗaure shi ake da zare a jikin dutse ko itace, bayan 'yan makonni ya kama da kansa. Su biyun nan ba sa son haske mai yawa, ba sa buƙatar a hura musu iskar kabon, sai dai ba su da saurin girma, don haka ka haɗa da mai sauri kamar balisneriya ko honwot, su ne ainihin masu shanye datti. Anubiyas ma asalinsa daga koguna da rafukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, ga ganye mai faɗi, za ka ga beta ya hau ya kwanta a kai.

Maman_biyu:
Malam Tsohon_hannu gaskiya ka faɗa amma kar a kushe kayan ado gaba ɗaya. Ni golfish gare ni, duk abin da na shuka sai sun tone shi ko su cinye, tsiro huɗu na yi asara kafin na haƙura. Yanzu duwatsu masu santsi ne da ganyen siliki, shi ba ya yanka kifi, kuma lafiyarsu lau tunda ina canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk sati. Sannan ba a faɗa maka ba, sabon tsiro yakan zo da ƙwan katantanwa, kafin ka ankara sun cika gilashin, don haka ka ajiye shi a wani bokiti daban kamar sati biyu kana dubawa. Kuma ko wanne ka zaɓa kar sabulu ko omo ya taɓa komai na cikin akwatin, buroshi da ruwa kawai.

Mai_beta:
Yaya, awa nawa fitilarka take yi a kunne kullum? Don ni a nan nake zargin gansakukar take. Awa 6 zuwa 8 ya isa, kuma in akwatin yana jikin taga inda rana ke dukansa ka matsar da shi, in ba haka ba ko tsiron ka sa gansakuka za ta hau ganyen anubiyas ɗin ta zauna. Abinci ma a rage, abin da za su cinye cikin minti biyu.

Kuma ai ba dole sai ɗaya ba, haɗa su. Kogon in ba shi da kaifi kuma fentinsa ba ya ɓarewa bar shi, kifi na son maɓoya, ka dai duba ƙananan ramuka kar ya shiga ya kasa fita. In dutse za ka ƙara ɗiga masa ruwan kal, in ya yi kumfa akwai farar ƙasa a ciki, zai sa ruwan ya yi tauri, wato ma'adanai su yi yawa a cikinsa, haka ma bawon kifin teku da murjani. Itace kuma a dafa shi tukuna, duk da haka zai ɗan rina ruwan kamar shayi, ba ya cutar da su, beta ma ya fi sakewa a irin wannan ruwan.

Sabon_shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Fitilar tun asuba nake kunna ta har sha ɗaya na dare, yanzu na gane. Na gwada safar, biyu daga cikin furannin sun yage ta, na cire su, kogon dai lafiya. Tambaya ɗaya ta rage, in na shuka tsiron zan iya kashe filta da dare?

Tsohon_hannu:
A'a, kar ka kashe. Da rana ne tsiro ke ba da oksijin, da dare shi ma shaƙa yake kamar kifin, kuma bakteriyar cikin soson suna buƙatar ruwa ya riƙa ratsa su. In ƙarfin ruwan yana wahalar da betan, sa ɗan soso a bakin da ruwan ke fitowa. Jelar kuma in ruwa na da tsafta za ka ga sabon fari-fari garai yana tohowa a bakinta cikin 'yan makonni.