Katin jam'iyya na da amfani kuwa?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Shekara tara ke nan ina riƙe da katin jam'iyya, ina manna fosta har tsakar dare. Amma a zaɓen fid da gwani na 2022 ban ga ko ƙofar zauren ba. Daliget ne, wato wakilan jam'iyya masu zaɓen ɗan takara, suka shiga, suka fito da wanda ba mu taɓa gani a mazaɓarmu ba. Yanzu shi ne wakilinmu. Ta ina za a gyara wannan?

Malam Tela:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Matsalar kuɗi ce. A zamanin jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, talaka ne ke ciro kwabonsa ya tallafa wa jam'iyya, shi ya sa yake da bakin magana. Da ƙarfin talaka PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka hau kujerar gwamna. Yau gwamna ne ke biyan hayar ofis, to wa za a saurara?

Yaya Mairo:
Malam ya yi gaskiya. Ga fom ɗin takarar shugaban ƙasa na APC a 2022, naira miliyan 100. Dokar 2018 ta rage shekarun takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, amma wane ɗan shekara 25 ke da miliyoyin sayen fom?

Ɗan Fagge:
To 'yar tinƙe fa, Yaya, inda duk mai kati zai zaɓi ɗan takara da kansa?

Yaya Mairo:
Ƙanena, sai an tsaftace rajistar mambobi tukuna. In ba haka ba, a otal za a rubuta sakamako.