Highlander tana shaƙewa a Hawan Kibo: famfon mai ne ko nozul?

Baban Walida, Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Highlander ce ta 2010, mai silinda shida, injin 3.5. A cikin gari lafiyarta lau. Amma in aka ɗora iyali da kaya aka taso daga Abuja, da ta kama Hawan Kibo sai ta riƙa fizga, ka taka totur ta ƙi amsawa, wani lokaci har wutar injin ta kama. Da safe kuma sai an daɗe ana kik kafin ta tashi. An canja fulogi uku na gaba, babu sauyi. Yanzu an ce in sayo nozul shida, masu fesa wa injin mai. Masu irin motar da makanikai, me kuka gani?

Oga na Farin Gada:
Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Nozul shida ba sa mutuwa rana ɗaya. Yawancin motocin da ake kawo mana da wannan kukan, ƙarfin mai ne ya ragu. Famfon da ya gaji yana iya ba injin ɗan abin da yake sha a silo, wato yana aiki a tsaye ba a taka totur ba, amma da an buɗe totur a kan hawa sai ya gaza.

A auna da geji kafin a sayi ko ƙusa. Wannan injin ba shi da bakin aunawa a bututun nozul, sai an cire tiyon da ke shigo da mai an sa mahaɗi mai baki uku. Kafin a cire, a zare soket ɗin famfo, a tada motar har ta mutu da kanta, sannan a kwance kan batir na nagetif. In ba haka ba fetur zai feso wa yaro a ido, ga injin da zafi.

A silo allura ta tsaya tsakanin psi 44 da 50. A kashe injin a jira minti 5, kada ta sauka ƙasa da 21. In ta zube, ko dai bawul ɗin cikin famfo ya daina riƙe mai, ko wani nozul yana ɗiga, kuma ga dalilin dogon kik ɗinka na safe nan. Awo na uku shi ne wanda yara suke tsallakewa: a ɗaure gejin ta waje a jikin gilashin gaba, a hau tudu da ita a taka sosai. Jos dai ba a rasa tudu.

Mai rewaya, Dilimi:
Oga ya faɗi gaskiya, sai dai in ƙara abu biyu. Kada a yanke wa famfo hukunci don an murɗa makulli ba a ji kukansa ba. Yawancin Toyota na wancan zamani famfonsu ba ya tashi sai injin ya fara juyawa. Da kwamfuta ake kunna shi a saurara. Sannan a auna wutar da ke isa soket ɗinsa yana aiki. Soket da ya ƙone ko waya mai tsatsa za su sa sabon famfo ma ya yi kasala.

Na biyu, kada a goge lambar da ta kunna wuta kafin a rubuta ta. P0171 da P0174 suna nufin iska ta fi mai yawa a ɓangarorin injin biyu. P0300 zuwa P0306 tsallen wuta ne. Ku buɗe shafin da kwamfutar ke nuna yawan man da injin yake ƙarawa ko ragewa da kansa. In ƙarin ya haura kashi 10 a silo, ya kuma sauka da an ɗaga totur, iska ce take satar hanya, a nemi tsagewa a babban tiyon iska. In a silo yana daidai amma yana hawa da an taka, to famfo ne, ko kuma sensar da ke auna iska a bayan filta. Ƙurar hunturu tana lulluɓe wayarta ta riƙa ba da lissafin ƙarya. Da feshinta na musamman ake wanke ta, ba da fetur ba, kuma ba a taɓa wayar da hannu. Injin 3.5 da ya yi zafi, an kashe AC, giram 3 zuwa 4 na iska a daƙiƙa sensar take karantawa a silo.

Direban Jos zuwa Abuja:
Alhaji, tambaya ɗaya: nawa ne a tankin in ka iso Akwanga? Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 mutane suka koma zuba lita goma-goma, suna yawo wutar mai tana kunne. Famfon nan a cikin tanki yake, fetur ɗin ne yake sanyaya shi. Tankin motarka lita 72 ne da 'yan kai, kwatarsa lita 18 ke nan, kuma kada allura ta sauka ƙasa da nan. A kan hawa da kwana ɗan man da ya rage yana karkata gefe, famfo ya zuƙi iska ya yi zafi. Ba ranar zai mutu ba, a hankali yake cinyewa.

Sai man 'yan bumburutu. Ba duka ne ke algus ba, amma jarkar da ta kwana a rana da ruwan sama ba ta rasa datti. Mai son ya gani da idonsa ya ɗebi man tankinsa a kwalba mai haske ya ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, a ƙasa zai kwanta da layinsa a fili. Wanda ya tuna gurɓataccen man da aka shigo da shi a Fabrairun 2022, mai yawan sinadarin metanol, ya san layin da motoci suka yi a gareji bayan layin gidan mai.

Injiniya, Bukuru:
Ni ban yarda a rufe magana a kan famfo ba. Indomin salansa, wato abin nan mai tace hayaƙi, in ya toshe, alamarsa ke nan sak: lafiya a gari, shaƙewa a kan hawa. Kuma motar da ta daɗe tana tsallen wuta ita ce ke narkar da shi, domin ɗanyen fetur yana zuwa ya ƙone a cikinsa. Shi ya sa in wutar injin tana ƙyaftawa, ba kamawa kawai ta yi ba, a sauka gefen titi. Gwajinsa da sauƙi: a kwance sensar da ke gaban indomin hayaƙi ya sami mafita, a ɗan zagaya. In ƙarfi ya dawo, an kama ɓarawo. Abin da ba na so shi ne a fasa shi a zubar, ko yaro ya sayar a bayan idon mai mota. P0420 da P0430 za su zauna a kwamfutar ba tashi.

A kuma yi wa motar adalci. Jos tana kan tudun da ya kai mita 1,200, iska ba ta da kauri kamar ta Legas, injin da ba shi da turbo, mai ƙara cusa masa iska, yana rasa kusan kashi 10 na ƙarfinsa a nan. Nauyin jiki a kan hawa da mutum bakwai ba ciwo ba ne. Fizga ce ciwo.

Baban Walida, Rikkos:
Allah Ya saka da alheri. An auna. A silo 45. Bayan minti 5 ta faɗo 9. A kan tudu tana sauka wajen 30. Lambobin P0171 da P0174 ne. Wutar soket lafiya. Zancen tanki kuma, direba, ka kama ni.

Oga na Farin Gada:
To magana ta fito, Malam. Talatin a kan tudu ba laifin nozul ba ne, ba kuma na indomi ba. Injiniya, a wannan karon ka yi haƙuri.

Filtar man wannan motar a jikin gidan famfo take, a cikin tanki, kada wani ya ce maka ya canja ta a waje. Akwai masu canja ɗan motan famfon kawai su mayar da tsohuwar filta da tsohuwar raga. Kuɗi ne ake binnewa, domin toshewar ragar ce ta wahalar da na farko. A canja motan famfon da raga da filta tare, a duba bawul mai daidaita ƙarfin mai, shi ma a nan ciki yake. Tunda tanki a buɗe yake, a zuƙe man duka a haska tocila a ƙasansa, a share laka da tsumma mai tsabta. A fili za a yi aikin, ba kusa da mai walda ba. Robar bakin tanki, inda gidan famfo yake zama, sabuwa za a sa. Tsohuwa in ta kumbura ba ta komawa mazauninta, sai warin fetur ya cika motar duk ranar da aka cika tanki.

Wajen saye, a tafi da lambar shasi da tsohon famfon a hannu. Kwali ba shaida ba ne, a Dilimi akwai mai kyau akwai na kwaikwayo a kwali iri ɗaya. Bayan an ɗaura a maimaita awon nan uku kafin a biya kuɗin aiki. In na silo da na tudu sun daidaita amma har yanzu ƙarfin man yana zubewa bayan an kashe, sai a ciro nozul a kai benci a ga wanda ke ɗiga. Ɗaya ko biyu za a samu, a canja su da robobinsu.

Mai rewaya, Dilimi:
Saura fulogin baya, Alhaji. Uku aka canja maka saboda sauran ukun, silinda 1 da 3 da 5, suna ƙarƙashin manifol, mai raba wa silinda iska, ta gefen gilashi, sai an ɗaga shi ake isa gare su. A sa irin na iridiyom masu tazarar milimita 1.1, iri ɗaya da na gaba, a sa sabon gasket. Kwayil, mai ba fulogi wuta, wanda ake shakkarsa a dawo da shi layin gaba, inda ƙusa ɗaya ce ke cire shi.