Wa ya taɓa fita daji da ƙananan yara, da taswira a hannu?

Abu Hanif, Gwale:
Assalamu alaikum jama'a. Hutu ya matso, ina so in fitar da yarana wajen gari mu yi wasan nan na neman hanya da taswira da kamfas (na'urar da ke nuna arewa), wanda ake ɗaura tutoci a daji yaro ya bi taswira ya gano su bi da bi. Babbar shekararta tara, autan huɗu. Ni dai dajin Falgore nake hange, uwargida kuwa ta ce ba da 'ya'yanta ba. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labarin yadda ta kaya.

Maman Iman, Sharaɗa:
Wa alaikumus salam. Malam, ka bi maganar uwargida. Falgore wajen kilomita 150 ne daga Kano a hanyar Jos, kafin ku isa autan ya galabaita, ga kuma abin da kowa ya sani na ɓarayin shanu da suka taɓa addabar dajin. Mu a garkar mangwaro ta yayan maigidana muka yi, can wajen Kura. Ana jibi za mu je maigidan ya riga mu, ya zaga wurin da takarda da biro, ya zana rijiya, bukkar mai gadi, tsamiya biyu, wata tsohuwar kuka da hanyar ruwan da ta ratsa garkar. Ya buga wa kowane yaro kwafinsa. Tun kafin a fara muka zaga da su iyaka: hanyar ruwa ta gabas, shinge ta yamma, wanda ya tsallaka ya fita daga wasa. Abin da ya ba ni mamaki, 'yata mai shekara biyar ba ta iya karatu ba, amma da ta ga zanen kuka sai ta ɗaga kai ta nuna ta da yatsa.

Tsohon Ɗan Sikawut, Fagge:
Hajiya, abin da kuka yi shi ne daidai. Wasan ya samo asali ne daga horon sojojin Suwidin a ƙarshen ƙarni na 19, an yi gasar farar hula ta farko a Norwe a 1897, ƙungiyarsa ta duniya kuma an kafa ta a 1961. Tutarsa fari ce da ruwan lemo. A taswirar gasa, fari na nufin dajin da za a iya gudu a ciki, kore sarƙaƙiya, ruwan ɗorawa fili, shuɗi ruwa. Duk wannan na manya ne. Ni da nake fita da yaran unguwa, abu biyu kawai nake koya wa ɗan ƙasa da shekara goma. Ya juya takardar har abin da ke gabansa a ƙasa ya zama shi ne a gabansa a takarda, sannan ya ɗora babban yatsa a inda yake tsaye, yana tafiya yana matsar da shi. Kamfas sai daga baya. Na shekara huɗu kuwa igiya ake shimfiɗa masa daga bishiya zuwa bishiya, ya bi ta yana tarar da hotunan dabbobi, yana ganin kansa shi ma a cikin gasa yake. Ka rataya wa kowa usur a wuya, kuma a yi yarjejeniya: wanda ya rikice ya tsaya inda yake ya busa, kada ya ci gaba da tafiya.

Baban Khalifa, Hotoro:
Mu wajen Ɗambatta muka nufa, cikin layukan turare da darbejiya da aka dasa don tare hamada. Inuwa kam sai wanda ya gani. Matsalar ita ce kowace bishiya kamar 'yar'uwarta, babu abin da za ka zana ka ce ga alama. Yaran suka yi ta zagaye, daga ƙarshe suka watsar da takardun suka koma tsintar 'ya'yan darbejiya suna jifan juna. Ka nemi wuri mai abubuwa daban-daban, ko da ƙarami ne.

Goggon Yara, Yakasai:
Ni jikokina ne suka ja ni, na ce to, mu je mu ga wannan abu na 'yan boko. Da muna yara a ƙauye mu ma haka muke zuwa itace, ba takarda ba komai. Gawo nan, suri can, kanyar da tsawa ta tsaga a bayanta, ka san ka kusa gida. Da uban nasu ya ba ni takarda sai na naɗe ta na sa a jaka, na ce ya faɗa min da baki inda ya ɗaura ƙyallayen. Na riga su zuwa uku daga ciki, suna ta ihu wai Goggo ta yi maguɗi. Abu Hanif, ɗana, abin da zan ce maka shi ne kada ka shiga gonar mutane ko dajin gari ba ka je ka gaida mai unguwa ba. Mutanen ƙauye su ga baƙi da mota suna ɗaura jan ƙyalle a bishiya, Allah kaɗai ya san abin da za su zata. Mu da muka je muka gaishe shi, yaro ya haɗa mu da shi, shi ya nuna mana wata tsohuwar rijiya da ciyawa ta rufe bakinta.

Anti Nas, Tarauni:
Goggo, ki yi haƙuri, suri dai a gan shi daga nesa. Kada a ɗaura tuta a jikinsa, ko a kogon bishiya, ko a tsibin duwatsu, nan macizai da kunamu suke fakewa. Yara su sa takalmi rufaffe da safa da dogon wando, ba silifa ba. Ɗana da silifa ya je, ƙarangiya ta hana shi sakat, rabin lokacin a cire masa ƙaya ya tafi. In tsautsayi ya sa maciji ya sari yaro, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A hana shi tafiya, a ɗauke shi a kai asibiti. Shi ya sa nake son wurin da mota ke iya kaiwa bakinsa.

Ɗan Rano:
Ni na shiga Falgore, amma mu manya ne kuma da ɗan jagora, ba zan kai yaro ba tukuna. Yarana wajen duwatsun Rano nake kai su, a dawo ta Tiga su ga ruwa. Kamfas na waya ya taɓa ruɗa mu saboda a jikin mota muka jingina muna dubawa, ƙarfe na karkatar da shi, sai ka matsa nesa. Abin da ya sa babban ɗana ya kama kamfas da gaske shi ne azahar. Na ce ya nemo mana alƙibla, daga Kano wajen digiri 68 ne daga arewa. Ya juya ya juya ya samo, tun daga nan ba ya yarda kowa ya riƙe masa.

Abu Hanif, Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Iman, tuta nawa kuka ɗaura, kuma da wane lokaci kuka fara?

Maman Iman, Sharaɗa:
Shida suka ishe mu, kuma daga kowace ana iya hango yaro in ya isa ta gaba. Da sanyin safiya muka fara, kafin rana ta take mun zauna cin abinci. In da hazon hunturu sosai ka matso da su kusa da juna. Ka ɗaura dabino ko alewa a kowace tuta daidai yawan yaran, in ba haka ba wanda ya riga zuwa shi zai kwashe.