Ta yaya ake gane kuɗin da ɗan wasan besbol ya cancanta?

Ɗan Nima, Accra:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yayana yana zaune a Bronx ta birnin New York, kuma tun da ya koma can ya bar mana ƙwallon ƙafa ya rungumi besbol. Shi ya gaya mini cewa a Disambar 2024 ƙungiyar New York Mets ta ɗauki Juan Soto a kan dala miliyan 765 na shekara 15. Da na kai maganar teburin mai shayin da muke zama bayan isha'i, wani ya ciro waya ya fara juya kuɗin zuwa sidi, da ya ga sifiri sun cika fuskar wayar sai ya mayar da ita aljihu ya ci gaba da shan shayinsa. Mu a nan idan ana gardamar darajar ɗan wasa, Mohammed Kudus muke kawowa misali, ɗan unguwarmu da ya bar Ajax zuwa West Ham a 2023, kuma da abin da idonmu ya gani muke yanke hukunci. Yaya kuwa cewa ya yi masu besbol da lissafi suke ciniki. Ina roƙon wanda ya san wannan lissafi ya warware mini shi.

Malamin lissafi, Aboabo, Kumasi:

Wa alaikumus salam. Yayanka ya faɗi gaskiya, kuma dalilin yana cikin tsarin wasan. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka ɗaya, kuma kowane karo tsakanin mai jifa ɗaya ne da mai bugu ɗaya, saboda haka ana iya rubuta abin da kowa ya yi ba tare da ya cakuɗe da aikin abokansa ba. Mai bugu yana neman ya zagaya tasha huɗu ne ya dawo gida ya ci maki (ni zango nake kiran tashoshin nan a aji, yara kuma sukan yi dariya).

A da, abin da ake dubawa shi ne sau nawa mutum ya bugi ƙwallo ya tsira. Daga baya aka lura cewa wanda ya iya haƙuri, ya ƙi kai wa jifan banza sanda har mai jifa ya kuskure sau huɗu a ba shi zangon farko kyauta, shi ma ya isa inda ake so, amma kasuwa ba ta biyansa yadda ya kamata. Da wannan ƙungiyar Oakland a ƙarƙashin babban manajanta Billy Beane ta ci riba a 2002. Bayan ƙungiyar New York Yankees ta ɗauke mata gwaninta Jason Giambi, sai ta ɗauko Scott Hatteberg, wanda ciwon gwiwar hannu ya rage masa farashi, a kan ƙasa da dala miliyan ɗaya. Albashin 'yan wasanta bai wuce kusan sulusin na Yankees ba, amma su biyun wasa 103 kowa ya ci.

Yau ma'aunin da aka fi amfani da shi ana kiransa WAR, wato yawan nasarar da ɗan wasa ya ƙaro wa ƙungiyarsa. Ana tattara bugu da gudu da tsaron fili a mayar da su maki, a ɗauki kimanin maki goma a matsayin nasara ɗaya, sannan a kwatanta mutum da ɗan cike gurbi, wato irin wanda za a iya ɗaukowa daga ƙananan ƙungiyoyi da mafi ƙarancin albashi. Ƙungiyar da duk 'yan cike gurbi ne za ta ci wajen wasa 48. Masu lissafi sukan ƙiyasta nasara ɗaya a kan kimanin dala miliyan 8 a kasuwa. WAR ɗin Aaron Judge na Yankees ya haura 10 a 2024, ga shi albashinsa miliyan 40 ne a shekara, kenan a wannan kakar Yankees sun saye shi da rabin kuɗi.

Dillalin shanu, Ashaiman:

Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma akwai abin da lissafinka ya tsallake. Mu a kara ba mu biyan saniya kuɗin nonon da ta bayar bara, bakinta muke buɗewa mu duba haƙori. A Disambar 2011 ƙungiyar Angels ta ba Albert Pujols kwangilar shekara 10 yana da shekara 31, bayan ya zama gwarzon shekara sau uku a St. Louis. Alƙalumansa babu abin kushewa, sai dai na ƙuruciya ne, ƙafafu suka yi nauyi, a watan Mayun 2021 suka sallame shi kwangilar ba ta ƙare ba. Soto kuwa shekararsa 26 lokacin da ya sa hannu, kuma a ganina wannan ne ya ɗaga farashinsa fiye da kowane adadi da ke cikin takarda.

Ma'aikaciyar banki, Madina, Accra:

Alhaji ya taɓo inda ya dace. Zan ƙara da cewa ba kowane ɗan wasa ne yake cikin kasuwa ba. Sai mutum ya cika shekara shida a babbar gasa yake da 'yancin sayar da kansa ga wanda ya fi tayi, kuma a shekaru ukun farko galibi abin da ƙungiya ta yanka masa shi zai karɓa, muddin bai gaza mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya kasance dala 760,000 a 2025. Paul Skenes na Pittsburgh ya ci kyautar mai jifa mafi ƙwarewa a rukuninsa a wannan shekarar, albashinsa bai kai miliyan ɗaya ba. Dala miliyan 8 ɗin da Malam ya ambata farashin masu 'yanci ne kawai.

Sannan adadin da jarida ke bugawa yana iya ruɗin mutum. Shohei Ohtani, ɗan Japan, ya sa hannu da ƙungiyar Los Angeles Dodgers a Disambar 2023 a kan dala miliyan 700 na shekara 10, amma miliyan 2 kawai yake karɓa a shekara, sauran 680 sai daga 2034 zuwa 2043. Duk wanda ya riƙe sidi a 2022 ya san bambancin kuɗin yau da na gaba. Hukumar gasar ta lissafa kwangilar a kan kimanin miliyan 46 a shekara. Kuɗin tallan da kamfanonin Japan suke kawo wa Dodgers saboda shi kuma babu shi a cikin WAR.

Malamin lissafi, Aboabo, Kumasi:

Na karɓi gyaran Alhaji da na Hajiya. Ni ma na bar wani abu: shafukan FanGraphs da Baseball-Reference kowanne da tasa hanyar lissafa WAR, har mutum ɗaya yakan sami adadi biyu da suka bambanta da nasara guda ko fiye, musamman masu jifa. Ɗan'uwa, idan Yaya ya sake kira, ka tambaye shi na wane shafi yake karanta maka.