Me za mu kira whitewash a wasan kurket?

Jama'a, ina neman taimakonku. Jiya da yamma a majalisarmu ta Ƙofar Soro ina ba ƙanena labarin wahalar da Bangaladash ta sha a kurket, sai na zo kan kalmar whitewash na tsaya cak. Ma'anarta a je a buga jerin wasanni, biyu, uku ko biyar, a cinye ka duka, ko canjaras ɗaya ba ka samu ba. Kurket ba baƙo ba ne a garin nan, tun zamanin Kwalejin Katsina ake buga shi, bai kamata a ce har yau aron baki muke yi ba.

Ƙanen nawa ya ce ai farar ƙasa ce, a ce an shafa musu farar ƙasa. Na ce a'a. Bahaushe ya ji haka, kwalliyar ɗaki ce za ta zo masa a rai.

Wani abokinmu ya kawo "lallasa", ko "dukan kawo wuƙa". A nan na daɗe ina gardama, domin ba kullum ne ake lallasa mai rauni ba. Bangaladash ta shiga sahun masu wasan kwana biyar, wato babban matakin kurket, a 2000, ba ta ɗanɗani nasara a irin wannan wasa ba sai Janairun 2005, kan Zimbabuwe. A tsakanin nan ta je Pakistan a 2003. A wasa na uku, a Multan, saura ɗan wasan Pakistan ɗaya tak su fitar su ci, Inzamam-ul-Haq na Pakistan ya kafe ya ƙi fita har ya ƙwace wasan. Aka tashi 3-0. Wannan whitewash ne, amma wa zai ce an lallasa su ran nan? Da ƙyar da jiɓin goshi aka ci su.

Kuma abin da ke kayar da su a waje sananne ne. A gida filinsu busasshe ne, ƙwallo na tafiya a hankali tana murɗewa. Su je Ostireliya ko Niyu Zilan su tarar da ƙasa mai tauri ko mai ciyawa, ƙwallo na tashi har ƙirji, hannu bai saba ba.

"Tashi a tutar babu" ta yi mini daɗi, sai dai ta wanda aka ci ce kawai. Ba ka iya cewa wane ya yi wa wane ita.

Sai wani dattijo da ke gefe yana jan carbi ya ce, "Yaro, ba ka taɓa zama gaban wanzami ba? Aski ƙwal-kwabo ke nan." Na ce, Baba, wallahi ka gama magana! Wanzami in ya tashi yin ƙwal-kwabo, ko a hankali ya bi kan ko da sauri, gashi ɗaya ba ya bari. In mai rauni ya jure kwana biyar ya samu canjaras ɗaya, sai mu ce an bar masa tukku. Kuma tana juyuwa ta kowane ɓangare: a 2024 Bangaladash ta koma Pakistan, ta yi musu askin ƙwal-kwabo a Rawalpindi, 2-0.

Ni dai a kanta na tsaya. Abu ɗaya ya rage: na ji wasu na cewa tal-kwabo. Mutanen Daura, wanne kuke faɗa a wajenku?