Neman shawara: hannun ma'aikata da bel mai jan buhuna

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ba ni kula da mutum goma sha biyu a wata masana'antar casar shinkafa da ke Sharaɗa a Kano, a layin da bel ke jan buhuna daga sikeli zuwa sito. In buhu ya maƙale ko bel ya karkace, yaran sukan sa hannu su gyara alhali inji na tafiya, wai don kada aiki ya tsaya. Murfin fulin baya, wato gangar ƙarfen da bel ke naɗewa a kanta, ma an cire shi. Daga ina zan fara?

Makaniken injuna: Wa alaikumus salam. Malam, mayar da murfin nan yau, kada a kai gobe. Tsakiyar bel ba ta cika cin mutum ba, inda yake naɗewa a kan fuli nan ne bakin kura: fulin gaba, fulin baya, rololin ƙasa, da inda sarƙa ke hawa haƙoranta a gefen moto. Bel mai gudun mita ɗaya a daƙiƙa, cikin rabin daƙiƙa ya ja hannu har gwiwa, mutum bai ma yi ihu ba. In raga za a sa, idonta kada ya wuce santimita 2, kuma ta nisanci fuli da aƙalla santimita 12. Idon da ya wuce santimita 4 hannu na zurawa, sai an ja ta baya santimita 85. A ɗaure ta da noti, yadda sai da sifana za a kwance. Murfin da ake ɗagawa da hannu ba ya kwana biyu a wurinsa.

Sannan ka nemi dalilin karkacewar. Yawanci dusa ce ta taru a jikin fuli, ko rola ta ƙame, ko an ɗaure notin jan bel na gefe ɗaya fiye da ɗayan. A saita kaɗan-kaɗan, kwatan juyi, a jira bel ya zagaya sau biyu ko uku kafin a ƙara. Notin saitin su kasance a wajen raga.

Mai aikin lantarki: Ƙari kan bayanin oga. Danna jan maɓalli ba kashe inji ba ne. A kashe babban makunnin moton, mai gyara ya sa kwaɗonsa, mukulli a aljihunsa, a rataya kati mai sunansa, sannan a danna maɓallin tayarwa a tabbatar bai motsa ba. In mutum uku ne ke gyara, kwaɗo uku. Kuma a Kano ga wata matsala: a ɗauke wuta, yaro ya ce bari in share kafin a tayar da janareta, wuta ta dawo hannunsa na ciki. Dole a yi wayarin yadda in wuta ta ɗauke moto ba zai tashi da kansa ba sai an danna. A ɗaura igiyar tsayarwa tsawon bel ɗin, wadda in an fizge ta bel ke tsayawa, a gwada ta duk farkon aiki. Bel mai hawa tudu kuma in da kaya a kai yana iya sulalowa baya ko an kashe shi, a sauke kayan ko a tokare shi tukuna.

Ma'aikaciyar lafiya: Ɗan'uwa, ka duba sutura. Doguwar riga, mayafi, hijabi mai saukowa, carbi, zobe, duk bel na kamawa. Mata su sa hula ko ƙaramin hijabi a cusa cikin rigar aiki. Safar hannu ma kusa da fuli haɗari ce, domin ita ake fara kamawa. In tsautsayi ya auku, a danne ciwon da tsumma mai tsabta a ɗaga hannun. Yatsan da ya gutsure a naɗe shi da tsumma mai danshi, a ƙulle a leda, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A wuce asibiti nan take, kamar na ƙashi da ke Dala, ban da zuba gishiri ko man birki.

Jami'in kula da ma'aikata: Ka tunatar da maigidanku cewa Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace duk sashen inji mai haɗari. Dokar biyan diyya ta 2010 kuma ta ɗora masa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikata a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a wurin aiki. Wanda ya ji rauni ya sanar da kamfani cikin kwana 14, kamfani ya kai wa NSITF rahoto cikin kwana 7. Ka kuma nema a rubuce cewa duk wanda ya tsayar da bel don gyara ba za a yanke masa kuɗi ba, don muddin ana biyan su da yawan buhu, hannu za su ci gaba da sawa.