Daga dandali zuwa gaban kamara: ta ina su Kasimu Yero suka bi, kuma me za mu gyara wa yaranmu?

Mai Alli, ƙasar Ɗambatta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasa a ƙauyenmu. A dandali ba su da matsala, ranar sallah ko bikin yaye ɗalibai fili cika yake yi, har daga ƙauyukan maƙwabta ana zuwa. Amma da aka fara ɗaukar su da waya sai wasan ya lalace. Ihu ya yi yawa, hannu yana fita daga hoto, kuma idan aka ce a maimaita fitowa, abin da yaro ya faɗa da farko daban, na biyu daban. Tsofaffin 'yan wasa irin su marigayi Kasimu Yero da Samanja ta ina suka bi har suka gwanance haka a gaban kamara? Kuma mu daga ina za mu fara gyara?

Tsohon Ɗan Rediyo, Kazaure:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan waɗanda ka ambata. Kasimu Yero mutumin Zariya ne, ya rasu a Kaduna a watan Satumba na 2017. Masu kallon Hausa sun fi saninsa da Karambana da Magana Jari Ce na NTA Kaduna, sauran 'yan ƙasa kuwa da Gaga suka san shi, dattijon nan mai taurin kai a Cock Crow at Dawn, wanda NTA ta fara nunawa a 1980 don jawo hankalin mutane kan noma. A cikinsa ne marigayi Sadiq Daba ya fito a matsayin Bitrus. Samanja kuma sunansa Usman Baba Pategi, Banufe ne haifaffen 1942, ya yi aikin soja na gaske, ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna, ya rasu a Nuwamba 2023. Hausar barikin nan da yake yi ba a littafi ya koye ta ba, a bakin sojoji ya ji ta.

Abin da ya kamata ka lura da shi, mutanen wancan zamani ba tsalle ɗaya suka yi daga fili zuwa fim ba. Akwai matakala biyu a tsakani, kuma yaranku duka biyun suka tsallake.

Ta farko rediyo. A ɗakin ɗaukar murya babu mai ganin fuskarka, don haka fushi da tsoro da makirci duk a murya za su fito, kuma makirufo yana gaban bakinka. Wanda ya yi ihu a nan murya fashewa take yi, injiniya ya tsayar da aiki. A nan mutum yake koyon cewa sauke murya ya fi ɗaga ta tsoratarwa.

Ta biyu ɗakin talabijin. Shirye-shiryen da ake yi a cikin situdiyo, da kamara biyu ko uku ake ɗaukar su a lokaci guda, darakta yana ɗakin sarrafawa yana zaɓar wadda za ta fita. Fitowa takan tafi daga farko zuwa ƙarshe ba a yanke ba, kusan kamar a dandamali. Shi ya sa ɗan wasa zai iya ƙaro magana daga kansa ba abin da ya ɓaci, tunda duk kamarorin abu ɗaya suka gani. Ku kuwa waya ɗaya gare ku. Dole ku ɗauki fitowa ɗaya sau uku ko huɗu daga kusurwa daban-daban sannan a haɗa. Idan maganar ta canza tsakanin ɗauka da ɗauka, edita ba shi da inda zai haɗa. Matsalarku ta uku kenan, kuma ba laifin yaran ba ne, salon wasan da suka gada ne bai dace da kayan aikin ba.

Ko a Kano haka aka bi. Ƙungiyar Tumbin Giwa da ta yi fim ɗin Turmin Danya a 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ce tun kafin ta taɓa kaset, kuma tashar CTV da aka kafa zamanin Abubakar Rimi, wadda yanzu ake kira ARTV, ta horar da 'yan wasa da yawa kafin finafinan bidiyo su zo.

Mai Kamara, Wudil:

Baba ya gama magana kan tarihi, bari in shiga wajen aiki. A dandali mai kallo na ƙarshe yana iya kai taku talatin daga ɗan wasa, dole a buɗe hannu, a zare ido, a ɗaga murya. A waya kuwa mai kallo kamar yana zaune da kai a tabarma ɗaya ne. Abin da ya isa a fili ya yi yawa a nan.

Kafin kowace ɗauka a faɗa wa yaro iyakar hotonsa. Iri uku ne kuke buƙata: mai faɗi da ke nuna jiki duka da wurin, na rabin jiki daga ƙugu zuwa sama, da na kusa daga kafaɗa zuwa hula. A mai faɗi ya yi wasansa yadda ya saba. A na rabin jiki gwiwar hannu kada ta rabu da haƙarƙari sosai. A na kusa kuwa hannu ba ya cikin lissafi, ko gyaɗa kai da ƙarfi yana fitar da goshi daga hoto. Nan ido ne yake aiki, kuma yawan ƙiftawa yana nuna mutum a ruɗe ko da sarki yake kwaikwayo. A zana wa kowa alama a ƙasa inda zai tsaya, da tsinke ko ƙaramin dutse, ya koyi isa wurin ba tare da ya kalli ƙasa ba.

Ɗabi'ar dandali mafi wuyar cirewa ita ce juyowa ga 'yan kallo. An koya musu kada su ba jama'a baya, to sai yaro ya riƙa magana da abokin wasansa amma ƙirjinsa yana fuskantar waya, wani lokaci har ya saci kallon ta. A hana. Ya kalli wanda yake magana da shi. Idan ana ɗaukar fuskar mutum ɗaya, ɗayan ya tsaya dab da gefen waya yana ba shi amsa, kada a bar shi yana magana da bango. Haka kuma ɗan dakatawar nan da suke yi don jama'a su gama dariya, a cire ta, a bidiyo rami take zama.

Ga wata doka da ba a karyawa. Idan mutum biyu suna magana, ka ɗauka akwai igiya daga wannan zuwa wancan. Waya ta zauna a gefe ɗaya na igiyar har a gama fitowar. Da zarar ka tsallaka, in an haɗa sai a ga su biyun suna kallon ɓangare guda, kamar ba da juna suke ba.

Sai a ware mutum ɗaya da littafi da biro, shi ne mai kwantiniti, wato mai lura kada wani abu ya canza tsakanin ɗauka da ɗauka, ba shi da wani aiki. Ya rubuta karin hula ta wane gefe yake, carbi a wane hannu, shayi ya kai ina a kofi, hannun babbar riga a naɗe yake a kafaɗa ko a sake. Babbar riga ita ce ta fi ba da wahala, don mai sanye da ita gyara ta yake yi bai sani ba. Idan ba a gama fitowa a rana ɗaya ba, a ɗauki hoton kowa a ajiye, kuma kada wanda ya je aski kafin a kammala.

Uwar Ɗalibai, Ringim:

Duk da haka Malam Mai Kamara, ina tsoron a matse yaran nan har su bushe. Wasu ƙungiyoyin da zarar an ce musu a rage, sai kowa ya daskare yana karanto magana kamar hadda. Wannan ya fi ihun muni, don mai ihu aƙalla da ransa.

A duba marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan ta ƙasar Warawa, wanda ya bar aikin gidan yari ya koma wasa har ya rasu a Disamba 2014. Bai taɓa rage jikinsa don kamara ba, kuma mutanen karkara shi suka fi saye. Barkwanci yana son faɗi. Abin da mai ɗauka zai yi shi ne ya ja baya ya ba ɗan barkwanci fili, ya bar hoton kusa don wurin kuka ko shawara ko ƙulla makirci. Ba ko'ina ake ragewa ba, kuma wani lokaci mai kamara ne zai bi ɗan wasa.

Batun canza magana kuma yana da magani ba tare da an kashe basirarsu ba. Kada a rubuta musu sikirif daga sama a ce su haddace. A ba su ƙashin labarin, su yi ta gwadawa da bakinsu kamar yadda suka saba, sau huɗu ko biyar, ana naɗar murya a waya. Daga nan malami ya saurara, ya tsinci maganganun da suka fi daɗi, ya rubuta su. Wannan rubutun shi za a haddace, kuma zai zauna da sauri tunda daga bakinsu ya fito. Daga ranar an rufe ƙofar ƙari. Wanda sabuwar magana ta zo masa ya faɗa kafin a kunna waya, in an karɓa a sa a takarda, kowa ya ji. Fitowa kada ta wuce shafi ɗaya da rabi a farkon koyo, wajen minti ɗaya da rabi kenan zuwa biyu.

Matakalar rediyo da Baba ya ambata kuna iya gina ta da kanku. A zaunar da su a aji, a ajiye waya a tsakiya, a yi wasan duka da murya kawai, hannuwa a kan gwiwa. A kunna wa wanda bai san labarin ba. Idan ya gane waye uba, waye ɗa, waye yake ƙarya, to murya ta nuna. Idan bai gane ba a sake. A yi mako biyu a haka kafin a koma ɗaukar hoto.

Kuma don Allah kada a daina wasan dandali. A can ne kaɗai yaro yake jin inda jama'a suka yi dariya da inda suka fara hira da juna, waya ba za ta gaya masa ba.

Mai Alli, ƙasar Ɗambatta:

Allah ya saka da alheri, Baba da Hajiya da Malam. Saura biyu. Muryar da muke ɗauka iska da kukan awaki sun fi ta fitowa. Sannan mu samari ne suke ɗaura zani da kallabi su fito a mata, ko hakan zai yiwu a bidiyo?

Mai Kamara, Wudil:

Na yarda da Hajiya kan barkwanci, a ja baya a ba shi fili.

Murya: makirufon jikin waya ba ya ɗaukar murya da kyau idan mai magana ya yi nisa. Ku nemi ƙaramin makirufo mai maƙalawa a riga, a maƙala shi taƙi ɗaya ƙasa da haɓa. Kada a cusa shi ƙarƙashin shadda mai sitaci, duk motsi sai ta yi ƙara. Idan babu, a yi amfani da waya ta biyu, a ɓoye ta kusa da masu magana, bayan buta ko cikin kwando, tana naɗar murya kaɗai. A farkon kowace ɗauka mutum ɗaya ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kamara, da wannan tafin edita zai daidaita murya da baki. Duka wayoyin a kashe musu layi, kira ɗaya yana yanke ɗauka. Lokacin hunturu a rufe kan makirufo da soso, a kuma sa katanga ko dangar kara tsakaninku da iska. Da damina a guji ɗaki mai rufin kwano. A san lokacin da injin niƙa yake tashi, kuma kada a sa aiki ranar Lahadi tunda kasuwar Ɗambatta take ci, babura ba za su bar ku ba. Idan an gama fitowa kowa ya yi shiru a naɗi sautin wurin na minti ɗaya, da shi ake cike giɓi wajen haɗawa, in ba haka ba sai a ji sauti yana ɗaukewa yana dawowa.

Haske ma ku kula da shi tunda ba ku da fitilu. A yi ɗauka daga hantsi zuwa wajen ƙarfe 10, sai kuma bayan la'asar. Rana tsaka tana jefa inuwar hula da rawani a kan ido, fuska ta zama duhu. Farar riga ƙal tana sa waya ta rage haske, fuskar mai ita ta ɓace, gara ruwan ƙasa ko shuɗi. A danna fuskar a allon waya a riƙe har hasken ya kulle. Farin kwali babba da wani zai riƙe daga gefe yana mayar da haske fuska. Waya a kwance, a kan abin da ba ya motsi.

Samari a kayan mata kuwa, a dandali jama'a sun san wasa ne kamar yadda ake yi a tashe, sun yarda tun kafin a fara. Hoton kusa ba ya rufa wannan asiri, gemu da maƙogwaro duk a fili, labarin tausayi sai ya koma abin dariya. Ko dai a rubuta labarin yadda za a riƙa jin uwar gida daga bayan labule ba a ganin ta, ko a nemi mata da yardar iyayensu ko mazajensu. Kafin a kafa waya a ƙofar gidan kowa a sanar da mai unguwa da mai gidan. Idan kuma abin zai wuce kallon 'yan ƙungiya ya shiga kasuwa ko intanet a matsayin fim, ku fara zuwa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ku ji sharuɗɗan rajista kafin ku kashe kuɗi a ɗauka.